Gefen Ci da Gefen Ajiya

Rafin da ya ratsa bayan unguwarmu a Dutse Alhaji ba shi da suna a wurin hukuma. Daga saman dutsen da ke bayanmu yake fitowa, ta wata tsaga tsakanin manyan duwatsu, inda ko a tsakiyar rani ƙasa ba ta rabuwa da danshi. Daga nan yake gangarowa a guje kamar an biyo shi, ya shige ƙarƙashin titin Bwari ta kwalbati. Da ya fito sai ya sami kwari mai faɗi, ya rage gudu, ya yi kwana zuwa hagu, ya sake yi zuwa dama, sannan ya miƙe ya nufi wajen Kubwa. Mutanen sama suna ce masa Idon Ruwa. Mutanen ƙasa, da ba ya isa wurinsu sai ya kwaso ledar fiya-wata da ruwan wankin mota, kwata suke ce masa. Mu na tsakiya Rafin Lucia muke cewa, kuma yawancin masu faɗin haka ba su san wace ce Lucia ba.

Ni na san ta. Lokacin da muka taso daga Zariya, mijina ya buɗe shagon kayan masarufi a bakin titi, mun same ta a nan. A nan aka haife ta, tun wurin yana ƙauye da gonakin doya. Mu muna cewa Gwari, ita takan gyara mana ta ce Gbagyi. Gajeriya ce, busasshiya, ƙafafunta duk faso. Gidanmu yana kan tudu, nata yana ƙasa a cikin kwanar farko ta rafin, ɗaki biyu da madafi da bishiyar gwaiba. Daga ƙofata ina hangen tsakar gidanta, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Sana'arta yashi. In an yi ruwa, kafin rafin ya gama janyewa tana ciki da shebur da daro. Ta haƙa, ta cika daron, ta ɗora a kafaɗa, ta hau gaɓa ta juye, ta koma. Ba ta ɗaukar kaya a kai. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce kai yana da nasa aikin. Mai laushi tana tara shi daban don masu shafe, mai tsakuwa daban don masu buga bulo. Masu baro su saya, in tarin ya yi yawa tifa ta zo. In kuma babu yashi ba ta zama. Sai ta bi rafin sama har Idon Ruwa, ta biyo shi ƙasa har inda wari ke koro mutum, ta dawo, ba abin da ta je yi. Ko ta shigo gidana gaisuwa a tsaye take yi. In na ce ga tabarma, sai ta ce, "Maman Nazir, ina zuwa," ta fice. Shekarunmu tare sun fi talatin, ban tuna ranar da ta shanye kunu a zaune ba.

Hausarta irin ta nan ce, kowa namiji ne a bakinta. 'Yarta Glory ma "ya zo, ya tafi" ce. Na yi ta gyara mata har na gaji na bari.

Mijinta James kuwa, Allah bai yi mutum mai son zama kamarsa ba. Gadi yake yi a wani sito a Idu, aikin zama, in ya dawo kuma ya jawo benci ƙarƙashin gwaibar nan ya kunna rediyo. Ita tana hawa tana sauka da daro, shi yana gyara eriya. Ban taɓa jin sun yi faɗa a kan haka ba. Da ciwo ya kwantar da shi, ya ce mata kada a kai shi ko'ina, a bar shi inda ya saba zama. A lokacin unguwar ba ta cika ba, 'yan ƙasa suna binne nasu a bayan gida, ba mai cewa komai. Aka binne shi a gindin gwaibar, aka zuba siminti a kai, aka kafa gicciyen ƙarfe.

Na ce mata, "Maman Glory, kabari a bakin ruwa?"

Ta kama hannuna ta ja ni bakin gaɓa. Ta ce, "Duba. Duk inda ruwa ya yi kwana, gefe ɗaya yana ci, gefe ɗaya yana ajiye. Can waje," ta nuna ƙetare inda gaɓar ta tsaya tsaye kamar an yanka da wuƙa, "nan yake buga kai, yana ci. Nan ciki yana tafiya a hankali, yana ajiye. Tun babana yana yaro haka yake. James yana gefen ajiya. Kullum ƙasa ƙaruwa yake yi masa."

Gaskiyarta ce kuwa. Tsakanin kabarin da ruwa akwai wani shimfiɗeɗɗen tudun yashi fari, yara na ƙwallo a kai da rani, kuma kowace damina sai ya ƙara faɗi. Daga bakinsa kawai take ɗiba, abin da ruwan bana ya kawo. Tsohon tudun ba ta taɓa shi.

Shekaru suka tafi, gari ya taso mana. Gonakin doya suka zama filoti. Gidaje suka hau dutse har inda a da awaki kaɗai ke zuwa. Aka zo ana sayar da gefen ci ma, wanda ko mahaukaci bai taɓa tayawa ba. Wani ɗan kasuwa, Alhaji Maharazu, mai shagon tayil da kayan famfo, ya saye ƙetaren da ke kallon gidan Lucia. Mutum ne mai fara'a da son zolaya. Ya ce zai ja katanga a bakin ruwa, ya cike bayanta da jar ƙasa, ya yi shaguna. Yana son yashi mai yawa, kuma yana so kafin ruwa ya sauka.

A nan Lucia ta yi kuskurenta. Rani ne, rafin bai kawo sabo ba. Ta dubi tsohon tudun da ke gaban James, ta dubi ƙetare, ta yi dariya. Da yamma ta leƙo gidana tana ta murna.

"Wannan oga Alhaji bai san ruwa ba. Gefen ci zai yi bango! Damina ɗaya, ruwa zai kwashe ya dawo mini da yashina. Na sayar masa bana, in sake sayar masa baɗi."

Na ce, "In kuma bai faɗi ba fa?"

"Zai faɗi. Na ga guda nawa sun faɗi?"

Ta ɗauki mata 'yan'uwanta suka shiga tudun. Tifa tana zuwa tana tafiya. Kafin hadarin farko, filin ƙwallon yara ya zama rami, daga bakin ramin zuwa simintin James bai wuce tsawon tabarma uku ba.

Katangar ba ta faɗi ba. Waɗanda ta gani suna faɗuwa na bulo ne da talakawa ke jerawa a kan ƙasa. Wannan an haƙa mata gindi har aka tarar da dutse, aka ɗaura rodi, aka zuba kankare. Alhaji bai kuma tsaya a kan tsohuwar gaɓa ba, ya shigo da ita cikin hanyar ruwa. Da ruwan farko mai ƙarfi ya fito daga kwalbati, ya nufi inda ya saba buga kai, ya tarar da abin da ba ya ciwuwa. Sai ya yi tsalle ya dawo gefenmu, ya faɗa cikin ramin da Lucia ta haƙa da hannunta, ya yi ta juyi a ciki. Da ya janye, ba yashi ya bari ba. Gaɓa ya bari, tsayayya, ja, irin wadda muka saba hangowa a ƙetare.

Daga ranar Lucia ta daina kwana biyu a jere cikin hankalinta. Ta cika buhunan siminti da ƙasa ta jera, ruwa na gaba ya tafi da su. Ta bi masu faci ta roƙi tsofaffin tayoyi, ta ɗaure da waya, ta kafa gora. Ruwa ya ɗauke tayoyin ya kai wa mutanen ƙasa. Ta dasa ciyawar da ke riƙe ƙasa, ba ta kai ga kamawa ba. In gari ya yi lumshi kaɗan za ka gan ta a bakin gaɓa, ta dubi sama, ta dubi gicciye, ta shiga ɗaki, ta fito. Ni ma ta hana ni sakat. Ina tsintar shinkafa ido yana ƙasa, in na ji iska ta kaɗa kwanon rufi sai in tsinci kaina a ƙofa.

Ta haye ta sami Alhaji Maharazu. Ina tare da ita, don ta ce Hausata ta fi tata kaifi. Muka same shi a kan katangar yana duba masu aiki.

Ya ce, "A'a, Maman Glory, uwar yashi! Hajiya, sannu da zuwa. An kawo mini wani yashin ne?"

Ta ce, "Oga Alhaji, bangonka ya turo mini ruwa."

"Bangona ko bangonki? Ai yashinki ne a ciki."

"Ka ja shi baya kaɗan. Mijina yana can."

Ya daina dariya, ya dubi gwaibar. Ya ce, "Wallahi ban san da kabari ba. Amma Maman Glory, kankare ne, ba labule ba ne da zan ja. Ruwa kuma na Allah ne, inda ya ga dama yake bi."

Na ce masa ruwa na Allah ne amma rodi nasa ne. Ya ce in ana son dutse zai ba da tifa ɗaya a zuba. Ya kuma cika alkawari, aka zuba. Ruwa ya bi ta bayan duwatsun ya ci gaba da abin da yake yi.

Wata rana ta ɓace tun safe, sai bayan la'asar ta dawo, ta tsaya a ƙofata tana haki. Ta ce ta bi rafin har sama, tana son ta gane abin da ya sa ruwan yanzu yake zuwa gaba ɗaya kamar an kifar da randa. A da in an yi ruwa sai ya yi wuni yana tsatsowa.

"Maman Nazir, babu ƙasa a sama. Kwano ne da siminti. Kowane gida ya fitar da bututu ya juyo wa rafi. Ruwa bai da wurin zama, dole ya gudu." Ta goge fuska da gefen zani. "Kuma duk bulon nan na san shi. Ni na ɗauko yashinsa."

Na ce ta shigo ta sha ruwa. Ta ce tana zuwa.

Glory ta zo ran Lahadi daga Idu, inda take aiki a kamfanin robobi. A tsakar gida suka yi ta, ina ji daga sama. Glory tana cewa ta tattara ta koma wurinta, ɗaki yana nan, tsufa ya zo, wannan wurin ya ƙare.

"In tafi in bar shi?"

"Mama, Baba yana wurin Ubangiji. Abin da ke nan ƙashi ne."

"Ƙashin ubanka ne!"

"Ubanki ake cewa, Mama."

"Ubanka, ubanki, duk shi ne. Kana so a tsince shi a Kubwa cikin leda?"

Glory ta ce to a tone shi a mayar maƙabartar coci. Lucia ta ce James ya ce kada a kai shi ko'ina. Glory ta ce ai ruwa bai ji lokacin da ya faɗa ba. Suka rabu ba a shirya ba, Glory ta hau acaɓa tana share ido.

Abin ya zo ne da rana tsaka, cikin watan Agusta. A wurinmu rana ake yi, har na shanya kaya. Amma kan dutse ya yi baƙi ƙirin, kuma duk wanda ya zauna a kwarin nan ya san ba ruwan da ya sauka a kanka ne abin tsoro ba. Na sauka don in ce mata ta kwashe tukwanenta. Na same ta a gindin gwaiba, ta riga ni sani. Muka ji shi kafin mu gan shi, wani gurnani daga cikin kwalbati. Sai ga shi ya fito ja wur, da reshe da jarkoki da wata katifa. Ya bugi katangar Alhaji, ya juyo kanmu. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafata. Gaɓar ta tsage a tsaye, wani ɓangare ya zauna a hankali cikin ruwa kamar raƙumi zai durƙusa, ya narke. Saiwoyin gwaiba suka fito fili suna lilo. Kusurwar simintin James ta rage a sama ba komai a ƙarƙashinta, gicciyen ya karkata.

Lucia ta kama gicciyen da hannu biyu. Na ce, "Ke, saki! So kike a binne biyu?" Ba ta saki ba sai da na finciko zaninta. Muka ja baya muka tsaya a bakin madafi, rana tana dukanmu, ruwa yana wucewa. Can ya fara sauka. Simintin bai tafi ba, amma ko yaro ya san ruwa na gaba ba zai bar shi ba.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, ba da ni take ba, "James, ka zauna ya isa. Tashi."

Sauran sai zirga-zirga, wadda dama ita ce abin da ta iya. Ta je wurin fasto, ta je wurin mai unguwa, aka tura ta wurin duba-gari, ta je ta dawo ta sake komawa, ido yana kan dutse. Ni a raina abin bai kwanta mini ba, don mu ba mu saba taɓa mamaci ba. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce ko a wurinmu in ruwa zai ci kabari ana ɗagawa. Na kai mata wannan, ta ce ba ta tambaye shi ba, amma ta gode.

Da sassafe aka yi. Mazan cocinsu suka fasa simintin, fasto yana karatu, Glory tana riƙe da farin ƙyalle. Kafinta ya yi ɗan ƙaramin akwati. Da haƙa ya yi nisa, Lucia ta ga yadda suke sara da diga, ta ce su fito. Ta shiga da sheburinta, daga baya ta ajiye shi ta sa hannu. Ƙasar jiƙe take sharkaf. Ni ban leƙa ba, na tsaya daga nesa inda ya dace da ni. Abin da na gani shi ne tana miƙo wa Glory abu kaɗan-kaɗan, Glory tana karɓa cikin ƙyalle, ba mai kuka a cikinsu.

Alhaji Maharazu ya zagayo ta titi da motarsa, ya cire hula ya mayar, ya ce, "Maman Glory, Allah ya ba da haƙuri. Ga mota, a sa shi a kai shi."

Ta ce, "Na gode, oga Alhaji. Bai da nauyi."

Ta ɗora akwatin a kafaɗa, daidai inda daro ya yi mata kanta, ta kama hanyar da ke bin rafin sama. Maƙabartar cocin tana can kan dutse, kusa da Idon Ruwa, inda rafin bai fi a tsallake shi da taki ɗaya ba. Fasto da mazan suka bi ta a baya, tana ba su rata. Na raka su zuwa kwalbati, gwiwata ta ce nan ne iyakarta.

Ba a yi mako biyu ba ruwa ya tafi da gwaibar da ramin da rabin madafi. Lucia ba ta koma Idu ba. Ta kama ɗaki a wurin wata 'yar'uwarta a sama, ta bar wa rafi sauran. Yanzu hanyarta ta ƙara tsawo, abin da ya canza ke nan. Da safe ta biya wurin James ta cire ciyawa a tsaye, ta gangaro da shebur da daro, ta wuce ƙofata ta ce, "Maman Nazir, ina zuwa."

Da damina ta ja baya, sai ga farin yashi ya kwanta a ƙetare, daga ƙarshen katangar Alhaji zuwa ƙasa, a gaban sabon filin da ya saya zai ƙara shaguna. Ruwa ya koma ajiya a can tunda ya sami abin ci a nan. Ran nan ina shanya na hango ta ta haye, ruwa iya ƙauri, ta kafa shebur a tsakiyar tudun. Alhaji Maharazu ya fito da gudu har takalmi yana fita.

"Maman Glory! Haba Maman Glory! In kika kwashe wannan ai kaina zai dawo!"

Ta cika daron, ta ɗora a kafaɗa, sannan ta dube shi.

"Oga Alhaji, ruwa na Allah ne. Na shafe kake so ko na bulo?"